Daga Sokode Zuwa Dapaong: Yadda Arewacin Togo Ya Ce Shekara Hamsin Ta Isa

Ranar Asabar 19 ga Agusta, 2017, garin Sokode ya wayi gari cikin jajayen kaya. Maza da mata, direbobi da 'yan kasuwa da matasan unguwanni suka fito da jajayen riguna da ɗankwalaye, suka nufi babbar hanyar da ta ratsa garin daga Lome zuwa iyakar Burkina Faso. Buƙatunsu biyu ne: a dawo da kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya taƙaita wa shugaban ƙasa wa'adi biyu, kuma a bai wa 'yan Togo mazauna ƙasashen waje damar kaɗa ƙuri'a. Hukuma ta ce ba za a toshe mata babbar hanya ba. Kafin yamma barkonon tsohuwa ya turnuƙe garin, aka ji ƙarar bindiga, aka ƙona ofishin 'yan sanda, wasu makamai suka faɗa hannun masu zanga-zanga. Gwamnati ta ce mutum biyu suka mutu, 'yan adawa suka ce bakwai.

Ba a ranar aka fara zanga-zanga a Togo ba. Mutanen Lome sun saba da ita tun 1990. Abin da ya girgiza masu mulki shi ne wurin da ta fito. Sokode garin arewa ne, arewa kuwa ita ce yankin da gidan Gnassingbe ya shafe rabin ƙarni yana gaya wa duniya cewa nasa ne.

Inda wutar ke fara kamawa

Wanda ya bi tarihin boren da al'ummar Larabawa suka yi wa masu mulkin kama-karya ba zai yi mamakin Sokode ba. A Tunisiya, Sidi Bouzid ne ya fara, wani garin manoma a tsakiyar ƙasa, inda Muhammad Bouazizi, matashi mai sayar da kayan marmari, ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba, 2010, bayan jami'ai sun ƙwace masa kayan sana'a. Kafin wata guda ya cika, ranar 14 ga Janairu, 2011, Zainul Abidin Ben Ali ya tsere Saudiyya bayan shekara 23 a kan mulki. A Siriya, garin Dar'a na kudu ne ya tashi a watan Maris 2011, saboda yaran da aka kama kan rubutun bango. A Sudan, Atbara ce, garin ma'aikatan jirgin ƙasa, inda mutane suka ƙona ofishin jam'iyya mai mulki a Disamba 2018 bayan an ninka farashin burodi sau uku; zuwa 11 ga Afrilu, 2019, Umar al-Bashir ya faɗi. A Aljeriya ma, garin Kherrata ya riga babban birni fitowa a Fabrairu 2019 don ƙin tazarcen Bouteflika karo na biyar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai mulki yana zuba ido da kunne a babban birni, yana kuma zuba kwalta da fitilu a can. Garuruwan nesa kuwa ana tuna su ne lokacin zaɓe. Matasansu sun yi karatu babu aiki, iyayensu sun san juna, masallaci da kasuwa da tasha suna haɗa su kullum. Idan aka taɓa mutum ɗaya, gari duka ya ji a jikinsa.

Akwai kuma abu na biyu da ya haɗa Togo da waɗancan ƙasashe, wato mayar da jamhuriya gadon gida. Cikin abubuwan da suka fi harzuƙa Misirawa kafin 2011 har da raɗe-raɗin cewa Husni Mubarak na share wa ɗansa Gamal hanya. A Libiya ana maganar Saiful Islam, a Yaman ana maganar Ahmad ɗan Ali Abdullah Saleh. A Siriya an riga an yi: da Hafiz al-Assad ya mutu a watan Yuni 2000, majalisa ta rage shekarun tsayawa takara daga 40 zuwa 34 don Bashar ya samu shiga. Togo ta bi wannan hanya kusan sawu a kan sawu.

Gadon kujera

Gnassingbe Eyadema, soja ɗan ƙabilar Kabiye daga Pya kusa da Kara, ya karɓi mulki a 1967, shekara huɗu bayan kisan shugaban ƙasar na farko, Sylvanus Olympio, ranar 13 ga Janairu, 1963. Ya yi mulkin jam'iyya ɗaya har zuwa lokacin da matasan Lome suka tashi ranar 5 ga Oktoba, 1990. Aka yi babban taron ƙasa a 1991, sannan a watan Satumba 1992 jama'a suka amince da sabon kundin tsarin mulki a ƙuri'ar raba gardama. Kundin ya tanadi wa'adi biyu na shekara biyar biyar da zaɓe mai zagaye biyu, kuma ya ƙara da wata jimla da ta ce ko ta halin ƙaƙa babu wanda zai wuce wa'adi biyu.

A Disamba 2002 majalisa, wadda jam'iyyar Eyadema ta mamaye, ta goge wannan iyaka, ta mayar da zaɓe zagaye ɗaya, ta kuma rage shekarun takara daga 45 zuwa 35. A lokacin ɗansa Faure yana da shekara 36. Da Eyadema ya rasu ranar 5 ga Fabrairu, 2005, doka ta ce kakakin majalisa, Fambare Natchaba, shi zai riƙe ƙasa. Yana waje a lokacin. Sai sojoji suka rufe iyakoki, jirginsa ya sauka a Kwatano, suka naɗa Faure. Matsin lambar ECOWAS da Tarayyar Afirka, da Shugaba Obasanjo a gaba, ya sa Faure ya sauka na ɗan lokaci, ya tsaya zaɓen 24 ga Afrilu, aka ce shi ya ci. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum 400 zuwa 500 suka mutu a rikicin da ya biyo baya, dubun dubata suka tsere Benin da Gana.

Saboda haka, lokacin da masu jajayen kaya suka riƙa cewa shekara hamsin ta isa, lissafi suke yi na zahiri: 38 na uba, 12 na ɗa. Mulkin sai Madi ka ture ke nan.

Garin fatake da direbobi

Bahaushe ba baƙo ba ne a Sokode. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato yana bi ta Borgu da Jugu, ya ratsa ƙasar Kotokoli, ya gangara Salaga a ƙasar Gwanja. Wata hanyar kuma ta arewa tana bi ta Sansanin Mango. Unguwar Didawure, wadda ita ce tsohuwar cibiyar Musulmi a Sokode, 'yan kasuwa da malamai ne suka kafa ta, Wangarawa da Hausawa da sauransu, a gefen sarakunan Tem, waɗanda Bahaushe ke kira Kotokoli. A ƙarshen ƙarni na 19 sarautar Kparatao ta yi suna da mahayan dawakinta, Jamusawa kuma suka kafa sansaninsu a Sokode. Har yau ana jin Hausa a zango da kasuwa da tashar mota, kuma bikin Gadao-Adossa, da sukuwar dawaki da rawar wuƙaƙe, yana tara 'yan garin daga ko'ina.

An daɗe ana ƙirga Sokode a matsayin birni na biyu a Togo, mai nisan kusan kilomita 340 daga Lome. Amma mutanen garin suna gani da idonsu yadda manyan ayyuka ke wuce su zuwa Kara, mahaifar masu mulki: jami'a tana can, filin jirgin sama na Niamtougou yana can. Matashin Sokode kuwa ko dai ya kama sitiyari, domin Kotokoli sun yi fice a tuƙin manyan motoci, ko ya yi acaɓa, ko ya tafi ci-rani Gana, Najeriya, Gabon ko Jamus. Kuɗin da waɗannan 'yan ci-rani ke aikowa shi ke ciyar da gidaje da yawa. Wannan ne ya sa batun ƙuri'ar mazauna waje ya zama buƙata ta biyu: mutumin da ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti daga Hamburg ko Libreville yana ganin ya cancanci ya faɗi wanda zai mulki ƙasarsa.

A cikin wannan yanayi Tikpi Atchadam ya fito. Masanin shari'a ne ɗan Kparatao, wanda ya kafa jam'iyyar PNP a 2014, mai jan launi da alamar doki. Bai yi gaggawar neman kujera ba. Ya riƙa tarukan wayar da kai a unguwanni, yana magana da Temanci da Faransanci, magoya bayansa suna naɗar jawabansa suna yaɗawa ta WhatsApp. Saƙon murya ya dace da jama'ar da da yawansu ba sa karanta Faransanci: direba ya saurara a tasha, ya tura wa ɗan'uwansa a Jamus, shi kuma ya aiko da gudummawa. Shi ya sa ranar 19 ga Agusta aka fito a Sokode da Bafilo da unguwar Agoe ta Lome, aka kuma fito a biranen ƙetare a rana ɗaya.

Satumba da Oktoba

Bayan jinin da ya zuba, Atchadam ya miƙa hannu ga tsofaffin 'yan adawar kudu, musamman Jean-Pierre Fabre na jam'iyyar ANC. Jam'iyyu 14 suka haɗu a ƙawancen da aka sani da C14, Brigitte Adjamagbo-Johnson tana jagorantar tsare-tsarensa. Ranakun 6 da 7 ga Satumba aka yi fitowar da Togo ta daɗe ba ta ga irinta ba. Ƙungiyar Amnesty ta ƙiyasta aƙalla mutum dubu ɗari a Lome kaɗai, aka kuma fito a Sokode da Bafilo da Dapaong da wasu garuruwa. Gwamnati ta katse intanet na kwanaki, kamar yadda Mubarak ya yi a ƙarshen Janairu 2011. A Lome mutane suka riƙa tafiya bakin iyakar Aflao don su kama layin Gana su aika saƙo. Limaman cocin Katolika ma suka goyi bayan a koma wa kundin 1992.

Gwamnati ta kai wa majalisa ƙudurin dawo da wa'adi biyu, amma babu jimlar nan ta ko ta halin ƙaƙa. 'Yan adawa suka gane abin da ake nufi: za a fara wa Faure ƙirge daga farko. Suka ƙaurace wa zaman 19 ga Satumba, ƙudurin ya kasa samun kashi huɗu cikin biyar da ake buƙata. Washegari aka harbe wani yaro ɗan firamare a Mango, ɗaruruwan mutanen garin suka tsallaka Gana neman mafaka.

Dare mafi muni a Sokode shi ne na 16 ga Oktoba. Kamar yadda 'yan adawar garin suka bayyana, an ɗauke wutar lantarki bayan sallar magariba, sai motocin jandarmomi suka shigo unguwa suka tafi da Liman Djobo Mohamed Alassani, wanda jama'a ke kira Alfa Alasan, mai ba Atchadam shawara. Hukuma ta zarge shi da tunzura jama'a a huɗubobinsa. Cikin ɗan lokaci labari ya zagaya gida gida a cikin duhu. Matasa suka tare hanyoyi da tayoyi, aka ƙona gine-ginen gwamnati da gidajen wasu manyan jam'iyya mai mulki. Samari biyu suka mutu, aka kuma kashe sojoji biyu da ke gadin gidan wani babba. Waɗannan sojojin ma 'ya'yan wasu ne, kuma kisansu ya ba hukuma hujjar da take nema. A kwanakin da suka biyo baya sojoji suka mamaye garin, mazauna suka ba da labarin shiga gidaje da duka, iyalai da yawa suka kwana a daji. Aka haramta zanga-zanga a Sokode da Bafilo da Mango. An saki limamin a watan Disamba, amma haramcin ya ci gaba. Zuwa ƙarshen shekarar, ƙidayar kafafen labarai ta nuna aƙalla mutum 16 sun mutu a faɗin ƙasar.

Dapaong ta riga kowa kuka

Can ƙurya, fiye da kilomita 600 daga Lome, Dapaong ce hedikwatar yankin Savanes, ƙasar Moba da Gurmawa, da Mosawa da Fulani da Hausawa a kasuwanninta. Shi ne yankin da ya fi kowanne talauci a Togo. Shekara huɗu kafin Sokode, ranar 15 ga Afrilu, 2013, ɗalibai suka fito a Dapaong suna neman a biya wa malamansu buƙatunsu su dawo aji, domin ma'aikatan gwamnati suna yajin aiki ƙarƙashin haɗakar ƙungiyoyin ƙwadago ta STT. Jami'an tsaro suka yi harbi, harsashi ya kashe yaro ɗan shekara 12. Bayan kwana biyu wani ɗalibin ya cika sakamakon raunukan da ya samu. An yi alkawarin bincike. Shekaru bayan haka Amnesty tana ta maimaita cewa ba a gurfanar da kowa a gaban kotu ba.

A Nuwamba 2015 kuma Mango ta tashi, kan shirin farfaɗo da gandun namun daji na yankin kogin Oti. Tsofaffin garin ba su manta zamanin Eyadema ba, lokacin da aka tashi ƙauyuka don a ba dabbobi wuri, manomi kuma yana iya shiga uku saboda ya kashe naman dajin da ya cinye masa gona. Aka kashe fararen hula da dama, aka kashe wani kwamishinan 'yan sanda, daga baya aka dakatar da shirin.

Waɗannan boren biyu ba su da jam'iyya a bayansu. Ɗaya kan malamin aji ne, ɗaya kan gona. Sun nuna cewa fushin arewa ya girmi PNP, kuma bai tsaya kan Kotokoli ko Musulmi ba, domin Moba na Dapaong ba Kotokoli ba ne, da yawansu ma Kirista ne ko masu bin addinin gargajiya.

Me ya sa kujerar ba ta faɗi ba

Mutanen Dapaong sun ga yadda maƙwabtansu na Burkina Faso suka kori Blaise Compaore ranar 31 ga Oktoba, 2014, bayan shekara 27, kan wannan magana ta wa'adi. Me ya hana a Togo?

Amsa ta farko tana bariki. Ben Ali ya gudu ne da ya ga sojoji ba za su tsaya masa ba. Mubarak ya sauka ranar 11 ga Fabrairu, 2011, da manyan hafsoshi suka zaɓi su ceci kansu. Haka al-Bashir, haka Bouteflika, haka Compaore. Inda kuwa aka gina rundunar a kan dangi da yanki, kamar Siriya, soja yana ganin faɗuwar shugaba faɗuwarsa ce. Eyadema ya gina rundunar Togo da hannunsa, akasarinta daga yankinsa, kuma ba ta tsage ba a 2017.

Ta biyu, lokaci. Faure shi ne shugaban ECOWAS a wannan shekarar. Aka buɗe tattaunawa ranar 19 ga Fabrairu, 2018, Nana Akufo-Addo na Gana yana shiga tsakani, tare da Alpha Conde na Gini. Aka nemi a dakatar da zanga-zanga muddin ana magana. Watanni suka shuɗe, jama'a suka gaji, ɗan kasuwa ya koma rumfarsa. Atchadam, wanda ya ce rayuwarsa na cikin haɗari, ya fice daga ƙasar, sai muryarsa ake ji. C14 ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na 20 ga Disamba, 2018, bayan an sake rasa rayuka a Lome da Sokode, daga nan kuma ƙawancen ya wargaje. A Tunisiya ƙungiyar ƙwadago ta UGTT ta riƙe ragamar, a Sudan ƙungiyar ƙwararru ta yi hakan. A Togo jam'iyyu ne 14, kowace da lissafinta.

A watan Mayu 2019 sabuwar majalisa ta dawo da wa'adi biyu da zagaye biyu, ba tare da ƙirga na baya ba. A Agusta aka tsaurara dokar zanga-zanga, aka hana ta a manyan hanyoyin ƙasa. An ba mazauna waje ƙuri'a, amma da sharuɗɗan da suka sa 'yan ɗaruruwa kawai suka yi rajista. Faure ya lashe zaɓen 22 ga Fabrairu, 2020, da kusan kashi 70 cikin ɗari. Sannan a 2024 aka sauya tsarin gaba ɗaya zuwa na majalisa: jama'a ba za su ƙara zaɓen shugaba kai tsaye ba, iko ya koma hannun shugaban majalisar ministoci, muƙamin da ba shi da iyakar wa'adi muddin jam'iyyarsa na da rinjaye. Jam'iyyar Faure, UNIR, ta samu kujeru 108 cikin 113, aka rantsar da Faure a sabon muƙamin ranar 3 ga Mayu, 2025. A watan Yuni matasan Lome suka sake fitowa bayan kama mawaƙi Aamron, ƙungiyoyin farar hula suka ce an kashe aƙalla mutum bakwai.

Abin da ya rage a ƙasa

Ƙasashen Larabawa ma ba su sha da daɗi ba. Masar ta koma hannun soja a 2013, Tunisiya ta koma mulkin mutum ɗaya daga 2021, Sudan ta faɗa yaƙi a Afrilu 2023, Siriya ta yi shekara 13 cikin jini kafin Bashar ya tsere ranar 8 ga Disamba, 2024. Masu mulki suna son nuna waɗannan misalai su ce wa talaka ya zauna lafiya. Sai dai Aljeriya da Sudan sun tashi ne shekara takwas bayan guguwar 2011, lokacin da ake cewa ta mutu. Ƙorafin da aka danne ba a amsa ba wutar ƙaiƙayi ce, sama toka ƙasa garwashi.

Boren 2017 bai tafi a banza ba. Ya karya tsohuwar maganar da ake tsorata 'yan ƙasa da ita, cewa duk mai neman sauyi ɗan kudu ne mai ƙin arewa. Ya kuma bar hukunci mai amfani ga yankin duka: a watan Yuni 2020 kotun ECOWAS ta yanke cewa katse intanet da Togo ta yi a 2017 ya keta 'yancin faɗin albarkacin baki.

Yau Dapaong na cikin wani hali dabam. Tun Nuwamba 2021 masu ɗauke da makamai daga Burkina Faso suke kai hari a yankin. A watan Mayu 2022 an kashe sojoji takwas a Kpekpakandi, a watan Yuni aka kafa dokar ta-ɓaci a Savanes, ana ta sabunta ta. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu. Babu mai hankalin da zai ce kada gwamnati ta kare iyakarta. Amma masu tayar da ƙayar baya a Sahel sun ƙware wajen neman matashin da aka zalunta bai samu inda zai kai kuka ba. Yaƙin da ake yi a Savanes yana buƙatar manomi da makiyayi su yarda da soja har su kawo masa labari, yarda kuwa ba a samun ta da dokar ta-ɓaci.

Hanyar samun ta a bayyane take. A buɗe shari'ar ɗaliban Dapaong da yaron Mango da mamatan Sokode, har da sojojin nan biyu, a faɗi wanda ya yi harbi da wanda ya ba da umarni. A saki duk wanda ke tsare saboda ra'ayinsa, a bar 'yan gudun hijira su dawo gida lafiya. A bar mutane su yi taro da jerin gwano a garuruwansu. Kundin 2024 kuma, wanda majalisa ta zartar ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, a kai shi gaban jama'a kamar yadda aka kai na 1992. ECOWAS, wadda ke saurin hukunta sojan da ya ƙwace mulki da bindiga, ya kamata ta nuna irin wannan zafin ga wanda ya dawwama a kai da alƙalami, in ba haka ba matasan Lome da Kano da Yamai za su daina sauraron ta. Gwamnatin da ta tabbata jama'a na tare da ita ba ta da dalilin tsoron ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai.